Wa Ya Gaya Maka Yaron Rago Ne, Malam?

A ƙasan takardar sakamakon da ake ba 'yan firamare ƙarshen kowane zango akwai wani ɗan fili, faɗinsa bai wuce yatsu biyu ba, inda malami ke rubuta ra'ayinsa kan ɗabi'ar yaro da yadda yake aiki. A nan Bangui takardar ana ce mata bulletin, filin kuma appréciation. Da wannan ɗan filin nake rigima, da masu cika shi. Yadda ake cika shi a makarantun unguwarmu ta Kilomita Biyar zalunci ne, kuma mu iyaye mun daɗe muna sa hannu muna mayarwa.

Duk wanda ya taɓa riƙe takardun nan ya san kalmomin. Paresseux, wato rago. Bavard, sarkin surutu. Têtu, mai taurin kai. Nul, wanda ma'anarsa a taƙaice ita ce babu komai a kansa. Sai kuma gwanar cikinsu, peut mieux faire, wai zai iya fin haka. To wane ɗan Adam ne ba zai iya fin haka ba? Har shi malamin zai iya.

Ku duba da kyau, babu ɗaya a cikin kalmomin nan da ta gaya wa uba abin da ɗansa ya yi. Rago a wane aiki? Ranar yaushe? Aikin gida ne ba ya kawowa, ko kwafar allo ce ba ya gamawa? In kwafar ce, ina yake zama a ajin, kuma an taɓa tambayarsa ko yana ganin allon? Kalmar ba ta amsa ko ɗaya. Ta tsallake aikin ta dira kan halin yaro, ta yanke hukunci. Hausawa na cewa hali zanen dutse, amma dattijo ake nufi, wanda ya gama zama abin da zai zama. Ɗan shekara bakwai a ajin CP danyen yumɓu ne, kuma mai jan biron nan yana cikin masu ginin.

Sai mu tuna wane ne yaron. Ɗan Bahaushe a Kilomita Biyar da Hausa yake tashi a gida, ɗan maƙwabcinsa da Fillanci ko Larabcin Chadi. In ya fita ƙofar gida Sango ake yi. Da asuba ko da yamma yana makarantar allo yana biya Larabcin Alƙur'ani. Sannan ya shiga aji a ce ya yi lissafi da Faransanci, harshen da ba ya jin sa a ko'ina sai a tsakanin bangon nan huɗu, duk da cewa tun 1991 Sango ma harshen hukuma ne a ƙasar nan. Yaro mai ɗawainiya da harsuna huɗu ya yi shiru a aji don bai gane tambaya ba, a rubuta masa ba ya sa baki a darasi. Ya juya ya tambayi na kusa da shi da Sango, me malam ya ce, a rubuta masa sarkin surutu. Ina ake so ya sa kansa?

Akwai kuma abin da kowa ya sani, amma takardar sakamako ke yi kamar ba ta sani ba. Seleka ta karɓi Bangui a watan Maris na 2013, 'yan anti-balaka suka kawo hari ranar 5 ga Disamba na shekarar, daga nan unguwar nan ta zama kurkukun da Musulmin birnin suka maƙale a ciki. Dubban iyalai suka tsere Chadi da Kamaru a 2014. Lokacin da Paparoma Francis ya zo babban masallacin Koudoukou ranar 30 ga Nuwamba 2015, fita daga unguwar ma sayar da rai ce. A watan Afrilu na 2018 aka gwabza tsakanin sojojin MINUSCA da masu ɗauke da makamai na cikin unguwa, a ƙarshen Disamba 2019 kuma tsakanin 'yan kasuwa da masu karɓar kuɗi a hannunsu da sunan tsaro. Yaran ajujuwan nan a cikin wannan aka haife su, ko a cikinsa suka koyi tafiya. Wasu sun dawo daga gudun hijira sun yi wa ajinsu girma, ɗan shekara goma sha biyu yana zaune benci ɗaya da 'yan shekara takwas. Wasu iyayensu mata har yau in an ji ƙara da dare ba sa barin kowa ya fita da safe. Na ga takardar wata yarinya ta gidanmu da aka rubuta wa mai yawan fashi, aka rage mata makin ɗabi'a, alhali uwarta ce ta kulle ƙofa kwanakin nan, kuma da ni ne ma da na kulle.

Mu 'yan unguwar nan ya kamata mu fi kowa tsoron kalma ɗaya. Da kalma ɗaya aka yi mana kuɗin goro. Dattijon da aka haifi ubansa a Bangui aka kira shi baƙo, mai sayar da goro da bai taɓa riƙe bindiga ba aka kira shi Seleka. Mun ga abin da suna ke jawowa in ya manne. Suna linzami ne. Yaya za mu zuba ido a riƙa yi wa 'ya'yanmu irin wannan a takarda mai hatimi?

Kada a ce ai rubutu ne kawai. A 1968 wasu masu bincike biyu a Amurka, Robert Rosenthal da Lenore Jacobson, suka wallafa gwajin da suka yi a wata firamare ta California. Sun gaya wa malamai cewa wasu yara na gab da buɗewar ƙwaƙwalwa, alhali sunayen da ka aka zaɓo su. Ƙarshen shekara yaran nan suka yi gaba, musamman na ƙananan ajujuwa. Masana sun yi ta jayayya kan girman tasirin, amma kowa ya san malamin CE1 da ya karanta rago a takardar bara, da wane ido zai kalli yaron ranar farko.

Wa ma ke karanta takardar a gida? Uba ɗan kasuwa da ke lissafin miliyoyin sefa da ka, mai karanta ajami da Larabci, sau da yawa ba ya karanta Faransanci. Sai a kira yayan yaron ya fassara, ko a ba shi kansa yaron ya karanto hukuncin da aka yanke masa. Mai wayo ya yi ƙarya ya tsira, mai gaskiya ya sha bulala. Abin da ya fi bulalar muni shi ne shawarar da ke biyo baya. Kasuwa na nan ƙofar gida, rumfa na buƙatar yaro. Uban da aka gaya masa sau uku da hatimin hukuma cewa babu komai a kan ɗansa, me zai sa ya ci gaba da biyan kuɗin makaranta? In mace ce kuwa, kun san maganar da ake fara yi.

Na san abin da malamai za su ce, kuma ba ƙarya suke yi ba. Aji cike maƙil, wani ya haura yara ɗari. A ƙasar nan da yawa daga masu koyarwa maîtres-parents ne, mutanen da iyaye ke haɗa kuɗi su biya, ba su shiga makarantar horon malamai ba, kuma abin da ake ba su bai isa cefane ba. Mutum ya zauna da takardu ɗari a dare ɗaya da fitilar waya, dole hannunsa ya nemi gajeriyar kalma. Na yarda. Amma in ba ka san yaron ba har da za ka faɗi abu ɗaya da ya aikata, da wane ilimi ka san shi rago ne? Uzurin yawan yara hujja ce ta barin filin babu komai. Farar takarda ba ta taɓa fitar da yaro daga makaranta ba.

Gaskiyar ma ba ta fi zagin tsawo sosai ba. Bai kawo aikin gida ba sau shida a zangon nan, a duba littafinsa kowace Alhamis. Tana karatu da kyau in an tsaya kusa da ita, a gwada idonta. Yana dukan na ƙasa da shi a lokacin tara, uba ya zo mu gana. Ba na neman a yi wa kowa kara. Wannan ta ƙarshen ta fi têtu zafi, sai dai uba ya san abin da zai yi da ita gobe da safe. Malamin allo, duk da bulalarsa da ba na yabo, ya fi mu sanin wannan. In zai kai ƙara yakan ce, Alhaji, yaron nan kwana uku bai wanke allonsa ba. Magana ce mai rana da adadi, kuma da harshen da uban ke ji.

Shugabannin makarantu su ke sa hannu na ƙarshe a kowace takarda, don haka suna da ikon mayar wa malami duk wadda aka zagi yaro a cikinta. Ƙungiyoyin iyayen yara kuma, da ba sa taruwa sai in za a tara kuɗin benci, su nemi a ware yini guda ranar rabon sakamako, malami ya faɗa wa uwa ko uba da baki, da Sango, in ta kama a samu mai yi da Hausa ko Fillanci. Kwanakin da unguwa ba ta kwana lafiya ba a cire su daga lissafin fashi, tunda shi ma malamin bai zo ba ranar.

Ni dai duk takardar da ta shigo gidanmu da kalmar rago, ba zan sa mata hannu ba. Zan kai ta makaranta da kaina, in yi sallama, in nemi malam ya buɗe littafin aji ya nuna mini ranakun da aikin.