Raddi ga Masu Cewa Duk Wanda Bai Ji Bishara Ba Ya Halaka

Akwai koyarwar da ake ji a kan bagadi da ajin baftisma da tarurrukan masu bishara, wadda ke cewa duk wanda ya mutu bai ji labarin Yesu da kunnensa ba ya shiga wuta, magana ta ƙare. Masu faɗinta ba jahilai ba ne, yawancinsu kishin Almasihu da tausayin ɓatattu ne ke motsa su. Sai dai kyakkyawar niyya ba ta mai da magana gaskiya, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Tambayar ta shafi gidajenmu kai tsaye. Tawagar Bishop Tugwell da Dakta Walter Miller ta isa Kano ne a 1900, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa kuwa sai 1932 ya fito. Ke nan kakannin Maguzawa da Jaba da Angas da Bura sun yi ta haihuwa suna mutuwa ƙarni bayan ƙarni ba wanda ya zo musu da bishara. Matsayina shi ne: Almasihu kaɗai ke ceto, babu addini ko aikin kirki da ke ceton kowa, amma Littafi bai ba mu izinin cewa Allah ba ya kai amfanin gicciye ga mutumin da mai wa'azi bai riska ba. Wanda ya yanke wannan hukunci ya wuce gona da iri.

Hujjarsu ta farko ita ce Yahaya 14:6 da Ayyukan Manzanni 4:12, inda aka nuna cewa Yesu ne kaɗai hanyar zuwa wurin Uba, kuma ba wani mai ceto bayansa. Na yarda da ayoyin nan ɗari bisa ɗari. Amma suna faɗin wane ne ke ceto, ba su faɗi yawan sanin da dole mutum ya yi kafin ceton ya same shi ba. Majinyacin da aka yi wa ƙarin jini yana kwance a sume, jinin ne ya raya shi, ko da bai taɓa sanin wanda ya bayar ba. Ibrahim bai san Baitalami ba, bai san Bilatus ba, bai san kabarin da aka tarar babu kowa ba, duk da haka Farawa 15:6 ta ce an lasafta masa bangaskiyarsa a kan adalci. Dukan mutanen Ibraniyawa sura 11 haka suke, kuma Romawa 3:25 ta nuna cewa jinin Almasihu ne ya rufe zunuban da aka yi kafin zuwansa. Za su ce ai waɗannan suna da alkawari na musamman. To, Malkisadik fa, sarkin Salem, wanda ba zuriyar Ibrahim ba ne, amma Ibrahim ya ba shi zaka ya karɓi albarka a hannunsa? Ayuba mutumin ƙasar Uz fa? Sannan su kansu masu wannan koyarwa, idan aka kawo gawar jariri a ɗan ƙyalle, uwa tana kuka a gefen kabari, ba sa ce mata ɗanta ya halaka domin bai furta sunan Yesu ba. Har Shaidar Bangaskiya ta Westminster ta 1646, mai tsananin gaske wadda ta ƙi yarda cewa hasken halitta na ceto, ta buɗe ƙofa ga zaɓaɓɓun jarirai da waɗanda ba sa iya karɓar kira ta hanyar wa'azi. Da zarar an yarda da wannan, an yarda cewa jin wa'azi da kunne ba sharaɗi ne da ya ɗaure hannun Allah ba.

Hujja ta biyu ita ce Romawa 10:14-17, inda Bulus ya jera kira da bangaskiya da ji da wa'azi da aike, kowanne rataye da na gabansa. Wannan ita ce hanyar da Allah ya kafa, ita ce kuma aka ɗora mana, babu jayayya. Amma a duba da wa Bulus yake. Surori 9 zuwa 11 na Romawa kukan Bulus ne a kan Isra'ila, mutanen da aka aika musu, suka ji, suka ƙi. Yana tabbatar da cewa ba su da uzurin rashin ji. A aya ta 18 ma ya tambaya ko ba su ji ba, ya amsa da kansa cewa sun ji, ya kafa hujja da Zabura 19, wadda ke magana a kan sammai masu shelar ɗaukakar Allah har iyakar duniya. Nassin da aka rubuta domin kama waɗanda suka ji suka bijire, ba daidai ba ne a ɗauke shi a yanke wa manomin da ya mutu a ƙauyen da ba a taɓa aika kowa ba hukunci da shi. Hanyar da aka umarce mu mu bi ta ɗaure mu, ba ta ɗaure wanda ya kafa ta ba.

Hujja ta uku ita ce Romawa 1:18-23: halitta ta bayyana ikon Allah, mutane sun danne gaskiya sun bi gumaka, saboda haka ba su da uzuri. Wannan gaskiya ce mai nauyi, kuma ba na sassauta ta. Babu wani kakanmu da zai tsaya gaban Allah da tsarkin kansa, kuma ba a hukunta kowa don bai ji ba, sai don zunubin da ya yi yana sane. Kuskuren yana wurin da suka ce hasken da Allah ya bayar ya isa ya kashe amma bai taɓa isa ya jawo kowa zuwa jinƙai ba. Bulus ya gaya wa mutanen Listira cewa damina da amfanin gona shaida ce da Allah ya bar wa kansa a cikin al'ummai. Ya gaya wa mutanen Atina cewa Allah ya tsara wa kowace al'umma zamaninta da iyakarta domin su neme shi ko sa lalubo shi. Shin Allah zai shirya nema alhali ya ƙudura cewa ba mai samu? Romawa 2:12-16 ta ce za a yi wa kowa shari'a gwargwadon abin da ya samu, lamiri yana ba da shaida. A Luka 12:47-48 Yesu ya bambanta bawan da ya san nufin ubangidansa da wanda bai sani ba, a Matiyu 11 kuma ya ce Taya da Sidon za su fi samun sauƙi a ranar shari'a a kan garuruwan da suka ga mu'ujizansa. Ba ina cewa lamiri mai kyau na ceto ba. Ina magana ne a kan wanda lamirinsa ya kama shi, ya yanke ƙauna daga kansa da tsafinsa, ya jefa kansa ga jinƙan Mahalicci, kamar mai karɓar harajin nan na Luka 18 da ya tsaya can nesa yana bugun ƙirji. Irin wannan karyewar zuciya aikin Ruhu Mai Tsarki ce, kuma ba wanda ya shata wa Ruhu iyakar ƙasa.

Hujja ta huɗu ta fi sauran ƙarfi. Karniliyus mai tsoron Allah ne, mai sadaka da addu'a, amma sai da aka aika masa Bitrus, kuma Ayyukan Manzanni 11:14 ta ce zai faɗa masa maganar da za ta cece shi da gidansa. Daga nan suka ce nagartarsa ba ta ishe shi ba. Haka ne, ba ta ishe shi ba. Amma tun Bitrus bai bar Yafa ba, mala'ika ya gaya wa wannan sojan Roma cewa addu'arsa da sadakarsa sun kai gaban Allah, Bitrus kuma da ya shiga gidan ya buɗe baki da cewa yanzu ya gane Allah ba ya tara. Da mutuwa ta ɗauki Karniliyus a daren da manzanninsa ke hanyar Yafa, wa zai iya rantsewa cewa Allahn da ya karɓi addu'arsa zai jefa shi wuta? Abin da labarin ke koyarwa shi ne Allah na riga mai bishara isa gida, yana kuma ganin masu nemansa a inda ikkilisiya ba ta sa ran akwai su ba.

Hujja ta biyar ita ce wai haka ikkilisiya ta koyar tun farko. Tarihi ya fi haka faɗi. Sifiriyan na Kartaj, wanda aka kashe a 258, shi ake dangana wa ƙa'idar cewa ba ceto a wajen ikkilisiya, amma yana magana ne a kan waɗanda suka san ta suka ɓalle. Gaskiya ne Majalisar Filorans ta 1442 ta tsananta ƙa'idar. Sai dai tun ƙarni na biyu Yustinu Shahidi ya koyar da cewa Kalmar Allah ta yi aiki a cikin mutane irin su Sakaratis kafin haihuwar Yesu. Zwingli, ɗaya daga jagororin gyaran ikkilisiya, ya yi begen ganin wasu mutanen dā na Girka da Roma a sama. Shaidar Bangaskiya ta Helbetik ta biyu, ta 1566, ta ce Allah na iya haskaka wanda ya so a lokacin da ya so ko ba mai wa'azi, ko da yake wa'azi ne hanyar da aka saba. A Amurka, fada Leonard Feeney na Boston ya nace cewa ba mai tsira sai ɗan Katolika a zahiri, Roma ta ƙi fassararsa a 1949, aka fitar da shi daga tarayya a 1953 saboda rashin biyayya, sannan Majalisar Batikan ta Biyu a 1964 ta bayyana cewa wanda bai san bishara ba ba da laifinsa ba, yana neman Allah da zuciya ɗaya da taimakon alheri, yana iya samun ceto. Ba sai mutum ya bi dukan waɗannan ba kafin ya ga cewa begen nan ba baƙo ba ne.

Hujja ta ƙarshe tsoro ce: idan aka bar wannan ƙofa, kowane addini ya zama hanya, aikin bishara kuma ya mutu. Marigayi Dakta Byang Kato, ɗan Kwoi wanda ya kasance jigo a ECWA, ya yi gargaɗi mai ƙarfi a littafinsa na 1975 a kan koyarwar cewa kowa zai tsira da kuma ɗaukar addinin gargajiya a matsayin hanyar ceto. Gargaɗin yana nan daram, ban kuwa ce kowa zai tsira ba, ban ce bori ko gunki na ceto ba. Amma bishara ba ta tsaya a kan ƙidayar 'yan wuta ba. Ta tsaya a kan umarnin Ubangiji a Matiyu 28, da ƙaunar Almasihu da Bulus ya ce ita ke tilasta shi. Cikin masu bishara na farko, Walter Gowans ya mutu a Girku, Thomas Kent ya mutu a Bida a 1894, kuma abin da magadansu suka kawo ya haɗa da tabbacin gafara, da 'yanci daga tsoron iskoki da maita, da sanin Allah a matsayin Uba tun a wannan rai. Yiwuwar jinƙai ga wasu ba ta rage darajar ko ɗaya daga waɗannan ba. Koyarwar mai tsanani ma ita ce ta sha zama sanadin tuntuɓe. Mai bishara Faransis Zabiya ya rubuta a 1552 cewa sababbin masu bi na Yamaguci a Japan sun yi ta kuka suna tambaya ko akwai abin da za a yi wa iyayensu da suka rasu, wasu kuma kafin baftisma sun yi shakkar alherin Allahn da ya jinkirta bayyana musu kansa.

Saboda haka idan dattijo ya tambayi fasto makomar mahaifinsa da ya rasu kafin zuwan mishan, kada fasto ya ce masa yana sama, domin bai sani ba, kada kuma ya ce masa yana wuta, domin wannan ma bai sani ba. Ya faɗa masa abin da aka bayyana: mai shari'ar dukan duniya zai yi daidai, kamar yadda Ibrahim ya dogara a Farawa 18, kuma alƙalin ranar nan shi ne wanda ya mutu domin masu zunubi. Duk wanda aka gani a sama, jinin Yesu ne ya kai shi. Mu da muka ji, nauyi biyu ne a kanmu: mu amsa, mu kuma kai wa wanda bai ji ba tun yana da rai. Hukuncin matattu ba a ba mu shi ba.