Motar Yaro Ƙirar Gida: A Fara da Birki Kafin Kwalliyar Bodi

Duk wanda ya ratsa lungunan Gyallesu da la'asar sakaliya, lokacin da aka taso daga makarantun Islamiyya, da wuya ya fita bai ci karo da yaro yana jan mota da igiya ba. Wata ta kara ce, wata ta gwangwanin madara, wata kuwa ta langa-langa mai tayoyin da aka yanko daga tsohon silifa. Waɗanda suka ɗan tasa sukan roƙi tsofaffin boris wurin makanikai, su kafa su a jikin katako, ɗaya ya zauna ɗaya ya tura. Babu malamin da ya ba su wannan aiki, babu kuma jarrabawar da za ta tambaye su shi, amma sun riga sun gano da hannunsu cewa motar da ta cika tsawo kifewa take yi a kwana, tun kafin a karanta musu dalilin haka a aji.

Matakin da ke gaba da wannan wasa shi ne ƙaramar mota mai inji wadda yaro zai shiga ya tuƙa da kansa, wadda Turawa ke kira go-kart. Asalinta ma ƙirar gida ce. A shekarar 1956 wani mai haɗa motocin tsere a Kalifoniya ta Amurka, Art Ingels, ya haɗa bututan ƙarfe da ɗan ƙaramin inji irin na yankan ciyawa, ya fito da ta farko. Ayrton Senna na ƙasar Brazil, wanda ya ci kambun tseren motoci na duniya a 1988 da 1990 da 1991, ya fara tuƙi ne yana ɗan shekara huɗu a cikin irin wannan mota, kuma mahaifinsa ne ya haɗa masa ita da inji mai ƙarfin doki ɗaya tak. A riƙe wannan adadi na doki ɗaya, za a dawo gare shi.

Babu abin da zai hana a yi irin wannan mota a Tudun Wada. Akwai masu walda, akwai masu sayar da kayan babur, akwai tayoyin baro, akwai kuma injin ban-ruwa da na markaɗe a ko'ina. Aiki ne da ya cancanci iyaye masu hali su yi, ya kuma fi cancanta makarantun sakandare su ɗauka. Sai dai akwai kuskuren da mai ƙira kan faɗa a ciki tun ranar farko: hankalinsa yakan tafi ga bodi, wato jan fenti mai sheƙi da fitilu da siffa irin ta motocin tsere. Bodi kuwa, ko da na zaren gilashi ne, shi ya kamata ya zo a ƙarshe. Abin da zai mai da yaro gida lafiya shi ne birki, da ƙashin motar, da iyakar gudunta.

Lissafi kaɗan zai nuna dalili, kuma ɗalibin aji uku na ƙaramar sakandare zai iya yin sa. Injin ban-ruwa da aka saba gani, mai ƙarfin doki biyar da rabi zuwa shida da rabi, yana juyawa kimanin sau 3,600 a minti ɗaya. A ce an sa masa ƙaramin faranti mai haƙora 12, sarƙa ta haɗa shi da babban faranti mai haƙora 60 a wurin tayoyin baya. Ke nan sai inji ya juya sau biyar taya za ta juya sau ɗaya, wato sau 720 a minti. Idan faɗin tayar santimita 30 ne, kowane juyi yana cin ƙasa kimanin santimita 94. A ninka, sai a sami mita 678 a minti, wato fiye da kilomita 40 a sa'a.

Ga mai babur kilomita 40 ba wani gudu ba ne, shi ya sa mutane ke raina ta. Amma ilimin fiziks ya nuna cewa ƙarfin da ke tattare da abu mai tafiya ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba: idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin ya ninka huɗu, idan ya ninka uku, ƙarfin ya ninka tara. Yaron da ya daki katanga yana gudun kilomita 10 a sa'a tamkar ya faɗo ne daga tsawon santimita 40, kamar daga kan benci. A kilomita 20, faɗuwar ta zama ta mita ɗaya da rabi. A kilomita 40 kuwa ta haura mita 6, daidai da faɗowa daga kan rufin gidan bene. Babu uban da zai ɗora ɗansa ɗan shekara bakwai a kan rufin bene ya ce ya yi wasa, amma sai ga shi ya ɗora shi a kan injin doki shida don kawai bai yi lissafi ba. Mahaifin Senna da dokinsa ɗaya ya fi shi sanin abin da yake yi.

Maganin abin bai da wuya. Idan aka ƙara wata sandar ƙarfe a tsakani, mai ɗauke da wasu faranti biyu da za su sake rage juyin sau uku, gudun zai sauko zuwa kilomita 13 da 'yan kai, motar kuma ta ƙara ƙarfin hawa tudu. A ɗaure totur da noti yadda ba zai buɗe duka ba, a kuma sa makunnin kashe inji inda hannun yaro zai kai, da wani a baya inda babba mai bin motar zai kai. Shi kuwa birki, mafi sauƙin samu shi ne na ƙafar babur. A ɗaura shi a sandar tayoyin baya, a gwada shi da buhun yashi mai nauyin yaron, sau da yawa, kafin ɗan kowa ya zauna a kujerar.

Ƙashin motar na bututun ƙarfe ne, kuma aikin gwanin walda ne, ba na ɗan koyo ba. Kujera ta kusa ƙasa, tayoyi su buɗe sosai. Wanda ya taɓa ganin Keke Napep ta ɗaga ƙafa a kwana ya san abin da ake gudu. A sitiyari ma akwai wani sirri mai daɗin koyarwa. Idan mota na shan kwana, tayar ciki tana bin ƙaramar da'ira, ta waje tana bin babba, saboda haka dole ta ciki ta fi karkata. Tun 1818 aka yi rajistar wannan dabara a Ingila da sunan Rudolph Ackermann, domin kekunan doki. Malamin lissafi zai iya zana ta da alli da igiya a daɓen aji cikin minti goma.

Sai an gama waɗannan duka sannan a zo ga bodi, kuma a nan ne zaren gilashi, wanda masu gyaran jikin mota ke kira faiba, yake da labari mai ban sha'awa. Gilashi abu ne mai saurin fashewa, amma idan aka narkar da shi aka ja shi ya zama zare wanda ya fi gashin kai siranta, sai ya zama mai lanƙwasuwa da wuyar tsinkewa. Shi kaɗai ba ya tsayuwa, kamar tsumma yake. Akwai kuma wani ruwa mai kauri irin na ƙaro da ake kira rezin, wanda idan ya daskare yakan yi tauri, amma shi kaɗai tsagewa yake yi. In aka jiƙa zaren da rezin, kowanne sai ya rufa wa ɗan'uwansa asiri: zare ya hana tsagewa, rezin ya riƙe siffa.

Bazazzage bai kamata ya ji wannan a matsayin baƙon ilimi ba. Maginan gargajiya sun daɗe suna cuɗa ƙasa da ciyawa kafin su yi tubali, domin sun san ƙasa zalla darewa take yi in ta bushe. Bakan gizon da ke cikin tsohon Masallacin Juma'a na birnin Zariya, wanda Babban Gwani Mikaila ya gina a ƙarni na 19 zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, azara ce aka jera a cikin ƙasa. Hikimar ɗaya ce, kayan ne suka sauya. A Amurka an fara yin zaren gilashi da yawa a shekarun 1930, kuma a 1953 kamfanin Chevrolet ya fito da motar Corvette da bodin faiba, guda 300 kacal a shekarar farko. Wani babban dalilinsu shi ne dalilin mai ƙirar gida: buga bodin ƙarfe yana bukatar manyan injuna masu tsada, faiba kuwa buroshi da hannu ya ishe ta.

Yadda ake yi shi ne a fara gina siffar bodin da katako da laka, a goge ta ta yi sumul. Manyan kamfanonin mota har yau suna sassaƙa sababbin motocinsu da wata irin laka kafin su taɓa ƙarfe, don haka maginin tukwane na da abin cewa a nan. Sai a shafe siffar da kakin zuma ko man goge daɓe don kada faiba ta manne, a shimfiɗa tabarmar zaren, a riƙa danna mata rezin da buroshi har iska ta fita. Tabarma mai nauyin giram 450 a kowace murabba'in mita tana shan rezin kimanin kilo ɗaya, kuma shimfiɗa uku na ba da kaurin milimita 3, wanda ya ishi motar yaro. Rezin ba ya daskarewa sai an ɗiga masa wani sinadari mai suna MEKP, kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari. Yanayi na da tasiri ƙwarai: a zafin watan Afrilu na Zariya zai iya sandarewa a cikin kofi kafin a gama shafawa, da sanyin hunturu kuwa sai ya yi ta jan jiki. Gara a riƙa dama kaɗan-kaɗan, domin wanda aka bari da yawa a kofi zafi yake ɗauka har ya yi hayaƙi.

Wannan sashe na aikin ba na yara ba ne, kuma babu sassauci a nan. Ɗigon MEKP a ido na iya makantarwa. Warin rezin yana sa jiri da ciwon kai, saboda haka a fili ake yi, ba a zaure ko shago a rufe ba, kuma nesa da murhu, don yana kama wuta. Ƙurar da ke tashi lokacin gogewa da samfefa tana sa ƙaiƙayi, tana kuma shiga huhu. Tabarau da safar hannu da takunkumi wajibi ne. Yaro ya zana siffar, ya taya gina lakar, ya zaɓi launin fenti. Damun rezin da guga a bar wa manya.

Kada a ɗauka cewa bodi ba shi da amfani sai ado. Babban aikinsa shi ne rufe sarƙa da sandar baya. Kowa a garin nan ya san yadda tayar babur ke kama gefen hijabi ko babbar riga, kuma sarƙar go-kart tana dab da bayan mai tuƙi. Murfin faiba a kan sarƙa ya fi kowane fenti daraja, musamman da yake babu dalilin da zai sa a hana 'yan mata tuƙa motar. Amma bodin ba garkuwa ba ne. Ƙarfe lanƙwasa yake yi in ya daki abu, faiba kuwa karyewa take yi ta bar baki mai kaifi, saboda haka a naɗe gefunansa da roba, a nisanta shi da salansa, a kuma sa wa mai tuƙi hular kwano.

Ita ma siffa mai kyau sana'a ce. Jelani Aliyu, wanda ya tashi a Sakkwato, shi ya zana jikin motar Chevrolet Volt da aka nuna a 2007, daga baya ya shugabanci hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa daga 2017 zuwa 2023. A nan gida kuma, ɗaliban injiniya na Jami'ar Ahmadu Bello sun ƙera motocin da suka raɗa wa suna ABUCAR domin gasar Shell Eco-marathon, inda ake gwada motar da za ta fi nisan tafiya da mai mafi ƙaranci. Abin lura a wannan gasa shi ne, komai kyan mota, ba a barin ta ta hau filin sai ta ci gwajin birki da sauran matakan kariya.

Wani zai ce duk wannan wasan 'ya'yan masu kuɗi ne, a lokacin da iyaye ke fama da kuɗin makaranta da tsadar fetur tun bayan janye tallafi a 2023. Maganarsa na da ƙamshin gaskiya idan gida ɗaya ne zai ɗauki nauyin. Shi ya sa makaranta ta fi gida dacewa da aikin. Mota ɗaya za ta ishi ƙungiyar JETS ta makaranta aikin zango uku, ta kuma koyar da lissafi da fiziks da kimiyyar sinadarai a lokaci guda. Inda babu kuɗin inji, a fara da feda da sarƙar keke. Lissafin haƙoran faranti bai sauya ba. Lokacin da aka kawo tsarin 6-3-3-4 a farkon shekarun 1980 an shigo da injunan koyar da fasaha daga ƙasashen waje, da yawa suka ruɓe a cikin akwatunansu saboda rashin lantarki da rashin malaman da suka san su. Wannan aikin ba ya jiran jirgin ruwa. Kayansa na bakin titi, masu iya shi kuma maƙwabta ne, ga Jami'ar Ilimi ta Tarayya, wato tsohuwar FCE, a bakin unguwar, inda ake horar da waɗanda za su koyar da darussan gobe.

Saura wurin gwaji. Titunan Gyallesu da hanyar Kongo cike suke da babura da Keke Napep, kuma mota mai tsawon gwiwa ba ta bayyana ga direban da ke ja da baya. Wurinta filin ƙwallon makaranta ne ranar Asabar, a zagaye hanya da tsofaffin tayoyi, babba ɗaya na biye da ita. Zagayen farko ma a yi shi ba bodi, domin ɗalibai su ga yadda sarƙa da birki da sitiyari ke aiki, buhun yashi yana zaune a kujerar direba.