Dattijon da ya ba da labari, ina sunansa a kundi?

In ana maganar satar fasaha a jami'o'inmu, hankali kan tafi ga ɗalibin da ya kwaso shafi daga intanet ya manna a kundinsa na kammala karatu. Wannan kam, manhajar kwamfuta na cafke shi nan take. Mai sauya kalmomi ya bar jeren hujjojin marubuci yadda suke, shi ma malami mai lura zai gane shi, don Faransancin yaro kan tashi farat ɗaya ya zama na farfesa. Wadda ta fi ci mini tuwo a ƙwarya ita ce satar da na'ura ba ta gani: ɗan Arewa mai karatu a Jami'ar Abdou Moumouni ko ta Dosso ya zo Tibiri hutu, ya durƙusa gaban dattijo a bakin tabarma, ya ajiye waya ya naɗi tarihin sarauta ko na rabon gonakin Dallol Mawri, ya juya shi zuwa Faransanci, ko sau ɗaya bai ambaci tsohon ba.

Za a ce ai labarin kaka da kakanni na kowa ne, tsohon ma jin sa ya yi. Haka ne, amma shi ya riƙe shi, kuma ruwayar mutanen Lugu ba lalle ta zo daidai da ta fadar Matankari ba. A dubi karon Sarauniya Mangu ta Lugu da rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899. Da yawan abin da matasa suka sani yau ya biyo ta ƙagaggen labarin Abdoulaye Mamani na 1980 da fim ɗin Med Hondo na 1986. Ɗalibin da ya ɓoye majiyarsa ya hana mai karatu bambance maganar bakin dattijo da ƙirƙirar marubuci, sai na bayansa ya kwafa a matsayin tarihi.

Ambaton wanda ka ɗauko daga gare shi kuwa ba Turawa suka koya mana ba. A 1812 Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusukh, don jero malaman da ya yi karatu wurinsu. In dattijo na tsoron a faɗi sunansa, musamman kan rikicin gona, hakkinsa ne a sakaya. Sai a rubuta garinsa, matsayinsa da ranar hirar. Malaman da ke zama ranar kare kundi su riƙa neman wannan jerin, su ce a kunna musu muryar da aka naɗa kafin su ba da maki.