Ba Kowace Rama Ce Sammu Ba

Yau maganarmu a kan masu doguwar jinya ce, watau waɗanda ciwonsu yakan lafa ya sake tashi, shekara da shekaru. Daga Birnin Kudu har Gwaram da wuya a sami unguwar da ba mai sikila, ko ciwon suga, ko hawan jini. Waɗannan mun san sunansu. Akwai kuwa wani ciwon hanji wanda galibinmu ba mu taɓa jin labarinsa ba, mai shi kuwa yana shan baƙar magana ƙwarai.

Likitoci suna kiransa cutar Crohn, domin wani likita ne na birnin New York a Amurka, Burrill Crohn, shi da abokan aikinsa biyu suka bayyana ta a shekarar 1932. Ga yadda take. Jikin mutum yana da garkuwa mai yaƙi da ƙwayoyin cuta. To, a jikin mai wannan ciwo sai garkuwar ta rikice, ta afka wa hanjinsa, ya kumbura, ya yi gyambo. Daga nan sai murɗar ciki, da gudawa mai daɗewa, wani lokaci da jini, ga kasala, ga rama. Wasu har ƙurji yakan fito musu a gefen dubura yana zubar da mugunya. Ta fi kama matasa, kuma ba a ɗaukarta ta wurin cin abinci tare ko kwana ɗaki ɗaya.

To, ku dubi abin da mukan yi wa mace in ta shiga wannan hali. In ta rame, a ce kishiya ta yi mata sammu, ko a koma gefe ana raɗa cewa ƙanjamau ne. In ta ga jini, a ce basir ne, a aika kasuwar Sara a sayo jiƙo wurin mai lasifika. Ran da ta sami sauƙi ta tafi biki, sai uwar miji ta ce, “Ashe lafiyarta lau, daka ce ba ta so.” Alhali haka ciwon yake, yau ya kwanta, gobe ya tashi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ku lura da kyau, ciwon da ba ya warkewa dabam, ciwon da ba shi da magani dabam. Har yanzu ba a sami abin da zai kawar da cutar Crohn ɗungum ba, ko tiyata ba ta tumɓuke ta. Amma akwai magungunan da ke kwantar da kumburin, mutum ya yi watanni ko shekaru yana harkarsa. Shugaban Amurka Eisenhower an yi masa aikin hanji sabo da ita a watan Yuni na 1956, aka sake zaɓensa a wannan shekara, ya yi mulki har 1961. Mace mai ita tana aure, tana haihuwa, sai dai ya fi kyau ta ɗauki ciki sa'ad da ciwon ya lafa, da shawarar likita.

Ba na ce duk mai gudawa tana da ita ba. Cutar ba ta yawaita a ƙasarmu kamar Turai ba, kuma ta yi kama da atini da tarin fuka na hanji. Don haka wadda ta yi makonni tana gudawa da rama, a kai ta Asibitin Tarayya na Birnin Kudu, in ta kama su tura ta Asibitin Malam Aminu Kano. Akan zura wata 'yar na'ura mai kyamara a duba hanji, a ɗebo ɗan nama a auna. Awon nan wajibi ne, domin maganin Crohn yana rage ƙarfin garkuwa, in kuwa tarin fuka ne sai ya ƙara masa ƙarfi. Kada kuma ta saba da sayen diclofenac ko ibuprofen a kemis, gama suna iya ta da ciwon. Taba ma haka.

Abin da ya rage namu ne. Kada mu tambaye ta, “Har yanzu ba ki warke ba?” Mu karɓe ta girki ran da ta kasa, mu raka ta asibiti, mu tuna mata da shan magani ko da ta ji garau. In mun ji ana ɗora wa kishiyarta laifi, mu kashe maganar tun ba ta raba gida ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin. Sai mako mai zuwa.