Yaro Ya Wuce Aji Da Karatunsa, Ba Da Aljihun Ubansa Ba

Jama'ar Wad Haddad da ƙauyukan kewaye, daga Hajj Abdalla har Maiwurno, iyaye maza da iyaye mata.

An rufe makarantu, an raba natija. Gidaje da yawa ana murna, an ce yaro ya ci, zai shiga aji na gaba. Muna roƙon kowane uba ya ɗauko littafin Larabci na ajin da ɗansa ya gama, ya buɗe ko'ina, ya ce masa karanta. Wanda bai iya ba ya kira maƙwabci ya saurara masa. Da yawa za su tarar da yaron da ya shekara huɗu a makaranta yana in'ina a kan layi guda. To da wane mudu aka auna shi aka ce ya ci?

Manyanmu sun tuna tsarin 1970: shekara shida firamare, uku matsakaiciya, uku sakandare. A ƙarshen aji shida akwai jarrabawa ta kowa da kowa, uba yakan san inda ɗansa ya tsaya tun da sauran lokaci. Gwamnatin Inƙaz da ta ƙwace mulki a 1989 ta rushe wannan bayan taron ilimi na 1990. Ta soke matsakaiciya, ta yi Asas mai shekara takwas, karatun shekara 12 ya koma 11. A wancan tsarin babban awo ɗaya ne, shahadar Asas mai maki 280, a ƙarshen aji takwas. Kafin nan, wucewar yaro daga aji zuwa aji tana hannun makaranta, iyaye kuwa ba wanda ya taɓa karanta musu ƙa'idar.

Abin da ake gani a ƙauyukanmu a wancan lokacin iri uku ne. Na farko, turawa. Aji ya cika maƙil, ga sababbin yara na zuwa, babu ɗaki, babu benci, sai a tura kowa gaba, wanda ya iya da wanda bai iya ba. Na biyu, kuɗi. Ana riƙe natijar yaro ko a kore shi ranar jarrabawa saboda ubansa bai biya kuɗin majalisar iyaye ba, alhali sashe na 44 na tsarin mulkin 2005 ya ce ilimin farko tilas ne, kuma gwamnati ce za ta ba da shi kyauta. Na uku, tankaɗe. Yaron da aka yi ta turawa shekara shida, in ya kai aji bakwai sai a tsayar da shi don kada ya ɓata wa makaranta suna a shahada. A nan ne yara maza ke komawa hawasha da kasuwa, 'yan mata kuma a ce tun da karatun ya ƙi, aure ya fi.

Ba malamai muke zargi ba. Malamin da albashinsa ke makara, wanda ko allin rubutu sai da kuɗin iyaye ake saye, me zai yi da yara fiye da ƙarfinsa? Laifin na wanda ya jibga wa mahalliya nauyin makarantu ne, ya hana ta kuɗin ɗaukarsa.

'Ya'yanmu sun fi kowa shan wannan wahala. Da Hausa suka tashi, ranar farko a aji kuwa Larabci ne zalla. Yaro mai kaifin kai, wanda ya haddace izu a halwa, sai a ɗauke shi daƙiƙi don bai gane tambaya ba. Ga 'ya'yan kambo masu doguwar tafiya a ƙasa, ga lokacin cirar gyaɗa da tsinkar auduga da ke faɗowa a tsakiyar shekarar karatu. Tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925 gumin iyayenmu ke zuba a gonakin Jazira. Jikokinsu sun cancanci a auna su da gaskiya.

Ga abin da jam'iyyarmu ta ɗauki alkawarin yi:

1. A rubuta ƙa'idar wucewa aji, iri ɗaya a duk jihar, a manna ta a ƙofar kowace makaranta, a karanta wa iyaye ita da Larabci da Hausa a farkon shekara.

2. Yaro ba zai bar aji uku ba sai ya karanta gajeren labari a bayyane ya faɗi abin da ya fahimta, ya rubuta abin da aka yi masa shifta, ya yi tarawa da ɗebewa. Malamin wata makaranta ne zai gwada shi. A sake irin wannan gwaji a aji shida.

3. Wanda ya gaza, ba za a ce masa maimaita nan take ba. Hutun bazara dogo ne. A yi masa karatun cike giɓi a cikinsa, gwamnati ta biya malamin, a sake gwada shi kafin a buɗe makaranta.

4. In maimaitawa ta zama dole, sai an zauna da uba ko uwa an nuna musu takardun yaron. Wanda bai gamsu ba yana da damar kai ƙara ofishin ilimi na mahalliya.

5. Haramun ne a riƙe natija ko a hana jarrabawa saboda kuɗi. Duk wanda ya gama aji takwas a rubuta sunansa a shahada.

6. A sa malami mai jin Hausa a aji ɗaya da biyu a garuruwan da Hausa ce harshen gida. Sashe na 8 na tsarin mulkin 2005 ya ce harsunan ƙasar nan duka na ƙasa ne, a girmama su, a raya su.

Za a ce tsayar da yaro na sa shi barin makaranta. Gaskiya ne, shi ya sa muka sa gyara kafin maimaitawa. Amma yaron da aka tura bai iya ba, barin makarantar zai yi, sai dai ya bar ta yana ɗan shekara 14, hannu wofi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Za a kuma ce babu kuɗi. Zuwa 2010 an yi shekara goma ana sayar da man fetur, ina rabon makarantar ƙauye?

Jama'a, kafin 2010 rabonmu da zaɓen jam'iyyu da yawa tun 1986 ne. Ranar 11 ga Afrilu 2010 aka fara jefa ƙuri'a. A wancan lokacin walin da aka zaɓa shi ke naɗa ministan ilimi na jiha, shi ke naɗa mu'utamad na mahalliya. Zuwa 2010 masu alamar bishiya sun yi kusan shekara 21 a kan kujera, ga natijarsu a hannun 'ya'yanku. Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a, ku tambaye shi da wace ƙa'ida ɗanku zai wuce aji, kuma wa zai biya allin. Ku fito da katinku, ku fito da matanku, ku zaɓi canji.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba su ilimi mai amfani. Amin.