Daga Alƙalamin Kara Zuwa Fensir: Mun Koyar Da Baki, Mun Bar Hannu

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya yi rantsuwa da alƙalami, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya 'yan'uwana matasa, makon jiya na ce wa ɗalibaina na Islamiyya a nan Ɗambatta su rufe Alƙur'ani, kowa ya ɗauki fensir ya rubuta mini Fatiha da ka. Yara ne masu hadda, wasunsu sun haura izu goma, amma 'yan kaɗan ne suka rubuta ta daidai. Wani ya sa sin a gurbin sad, wani ya haɗe haruffan da ba a haɗewa. Na koma gida jikina a sanyaye, domin laifin namu ne malamai ba na yaran ba.

Sai na tuna makarantar allon da na fara karatu. A can ba a saya wa almajiri alƙalami. Shi zai zaɓo karan dawa ko gamba mai ƙwari, ya feƙe da aska, ya tsaga bakinsa kaɗan don ya riƙe tawada. Tawadar ma shi zai haɗa da gawayi da ƙaro, ya zuba a kurtu. Ba a wanke allo sai karatu ya zauna, saboda haka kowace aya sai ta bi ta hannu da ido da baki kafin ta shiga ƙirji. Ta wannan hanya ce alarammominmu suke rubuta Alƙur'ani sukutum da ka, wasali ɗaya bai kuɓuce musu ba.

Kada wani ya zaci ina kiran a jefar da fensir ne don kayan boko ne. A'a, fensir ni'ima ce, kuma shi ma da tarihinsa. A ƙarni na 16 aka gano wani baƙin ma'adini mai laushi, girafait, a Borodel ta ƙasar Ingila, aka riƙa yanka shi ana rubutu. A 1795, yaƙi ya hana Faransa samun wannan ma'adini daga Ingila, sai Nikola Konte ya gauraya garinsa da yumɓu ya gasa. Har yau haka ake yi: yumɓu ya yi yawa bakin fensir ya yi tauri, ya yi kaɗan rubutu ya yi baƙi. A 1858 wani Ba'amurke, Haiman Lifman, ya yi rajistar fensir mai magogi a gindi. Biro kuwa sunan mutum ne, Lazlo Biro ɗan ƙasar Hungari, wanda ya yi rajistar nasa a 1938.

Duba fa, kowane zamani mutane wahala suka sha don rubutu ya sauƙaƙa. Mu da ya zo mana a ɓagas, kowane ɗan tireda na sayar da fensir, mu ne muka ajiye shi. Yau matashi zai kwafo aya ko hadisi a waya ya tura wa mutum ɗari, ko da kuskure a ciki ba zai gane ba, tunda hannunsa bai taɓa bin haruffan ba. Wani zai ce ai ga bugaggun littattafai, ga kwamfuta. Gaskiya ne, amma idan na'ura ta yi kure, wa zai gyara in ba wanda ya iya rubutun ba?

Shawarata ga malaman Islamiyya, mu ware darasi ɗaya a mako don shifta, mu karanta yara su rubuta. Fensir ya fi dacewa da mai koyo, domin yana karɓar gyara. Kai kuma ɗan'uwa mai karatu, nemi littafi da fensir, kullum bayan Asuba ka rubuta ayoyi uku da ka, sannan ka buɗe Mus'hafi ka gwada. Ni na fara da kaina, kuma a ranar farko na kama kurena biyu a surar da nake ja wa mutane salla da ita.

Allah ya sanya albarka a hannuwanmu, ya gafarta mana kurakuranmu.