Kafin Ka Cire Rizisto Daga Tocilarka

Tun da aka kafe jadawalin jarrabawa, wata sabuwar sana'a ta buɗe a ɗakunan kwananmu, musamman ɓangaren maza: yi wa tocila tiyata. Kowa ya san yadda abin yake. Ka sayo 'yar tocila mai araha a kasuwa, irin ta roba mai caji, ko mai cin ƙananan batura uku, ka kwance ta, ka lalubo ɗan rizisto ɗin da ke tsakanin batir da ƙwai ka cire, ka haɗe wayar kai tsaye. Wanda ya fi zaƙewa sai ya fasa mataccen batirin laftof ya zaro ɗaya daga cikin 'yan gwangwanayen da ke ciki ya ɗora. Da dare ya yi a fito fili a yi gasa, kowa ya haska saman tankin ruwa, wanda tasa ta fi kashe ido shi ne injiniya.

Ni ban ga laifin mai kwance tocila ba. Ɗan foli da bai taɓa kwance wani abu don ya ga cikinsa ba, wallahi a binciki takardar shigarsa. Abin da nake ja da shi shi ne yadda muka mayar da kashe ido ya zama ma'aunin gwaninta, alhali mutanen da za su riƙa kawo mana tocila gyara idan mun koma gida ba shi suke nema ba.

Bari in ɗan yi bayani saboda 'yan Akanta da 'yan Mulki, kada su ce mun ware su. Ƙwan da ke cikin tocilolin yanzu, wanda ake kira LED, ya bambanta da tsohon ƙwai mai zare da iyayenmu suka sani. Farin hasken nan da kuke gani asalinsa shuɗi ne, aka shafa masa wani sinadari rawaya a kai, haɗuwar biyun ke ba da fari. Samo shuɗin shi ne ya gagari masana shekara da shekaru, har sai da wasu 'yan Japan uku, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka cim masa, aka ba su kyautar Nobel ta Fiziks a 2014. Wato wannan ɗan abin da muke toyawa a hostal don nishaɗi, mutane sun ƙarar da ƙuruciyarsu a kansa.

Shi wannan ƙwai yana da wani hali: bai san ya ƙoshi ba. Yana fara aiki sosai a wajen bolt 3 zuwa 3.4, kuma da zarar boltej ya ɗan haura haka, karent ɗin da yake ja sai ya yi tsalle. Ku ɗauka boltej shi ne matsin ruwan injin ban ruwa, karent kuma yawan ruwan da ke bi ta tiyo. Rizisto shi ne hannun da ke maƙure bakin tiyon don kada ruwa ya tone shuka. Ka cire hannun, ruwa zai ƙaru kam, babu musu, amma je ka duba albasar da safe.

Ga lissafin, Dokar Ohm ce ta zangon farko. Batirin laftof guda, wanda ake kira 18650 saboda kaurinsa milimita 18 ne tsawonsa 65, idan ya cika yana kan bolt 4.2. Ƙwai ya ɗauki 3.2, saura bolt 1. Ka sa rizisto mai om 3.3, karent zai tsaya wajen miliamfiya 300, daidai cikin ƙwai mai wat 1, wanda aka ƙera don ya ɗauki 350. Idan batirin yana da sauran ƙarfi na mAh 2000, ka samu haske na awa shida ko fiye, daga bayan isha'i har tsakar dare ya gota. Ka cire rizisto, a ce karent ya kai amfiya 1, awa biyu ke gare ka, in ƙwan ya rayu ke nan. Su kuwa 'yan ƙananan ƙwayayen nan masu kama da ƙwayar masara da ake jerawa tara ko goma sha biyu a tocila, miliamfiya 20 kowannensu ke so. Shi ya sa za ka ga tocilar zakaran gasa ta kwana uku tana walƙiya, rana ta huɗu haskenta ya koma shuɗi-shuɗi, ƙwai ɗaya ya fara ƙyaftawa, kafin mako ya zagayo an dawo aron ta maƙwabci.

Wani abin haushin ma, ribar ba ta kai yadda ake zato ba. Ka ninka karent, hasken ba ya ninkuwa, domin da ƙwan ya yi zafi sai ƙarin wutar ya riƙa tafiya a zafi. Idon ɗan Adam kuma ba mita ba ne. Masu harkar fitilu sukan ce sai ka ruɓanya haske kusan sau huɗu kafin ido ya yarda an ninka. To ka ba da awa huɗu na karatu, ka sayi abin da idonka ma da ƙyar zai shaida. Kuma a ina? A ƙasar Kebbi, inda zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40, ƙwai na manne da roba, babu ko ɗan ƙarfen da zai janye masa zafi.

Ni ɗan Masama ne, ta ƙasar Gwandu, kuma duk wanda ya fito daga irin garuruwanmu, ko na wajen Kalgo, ya san tocila a can kayan aiki ce kamar fartanya. Manomin rani da ke tashi cikin dare ya kunna inji ya yi ban ruwa, abin da yake so shi ne haske mai faɗi da zai nuna masa inda zai sa ƙafa, saboda kububuwa ba ta yin sallama, kuma haske ne da ba zai yashe shi a tsakiyar fadama ba. Uwa da yaronta ya tashi da zazzaɓi ƙarfe biyun dare tana son tocilar da in ta danna za ta kama. Ɗan banga ne kaɗai zan yarda yana bukatar mai jifa nesa, shi ma ɗin maganinsa yana ga kwanon madubin da ke bayan ƙwai, mai zurfi mai tattara haske wuri guda, ba sai an shaƙe ƙwan da wuta ba. Mu kanmu masu karatu, wa ya taɓa jin daɗin karanta farar takarda da tocila mai kashe ido? Minti ashirin kanka ya ɗauki ciwo. Ballantana a garinmu ka dallare fuskar dattijo da irin wannan a lungu, sai ka ji, "Kai wane ɗan wa ne wanga marar kunya?" Kafin ka kai gida labari ya riga ka.

In hutu ya yi, da an ji ɗan foli ya dawo, za ka ga ana turo yara da tocila a leda: "Baba ya ce a duba mai wagga, ta bar yin haske." A nan ne abin ya daina zama wasa. Domin su ba su san kai ɗan Injiniyan Lantarki ne ko ɗan Kasuwanci ba, abin da suka sani an tura ka karatun sanin makamar aiki. Abin da ka haɗa da hannunka, a ɗakin mutum zai kwana, kusa da katifa da gidan sauro, wani wajen ma kusa da danni da rumbu.

Ga inda haɗarin yake. Yawancin tocilolin nan masu ƙahonni biyu da ake sokawa a soket, batirin dalma ne a cikinsu mai bolt 4, kuma cajarsu ba ta wuce kafasita ɗaya da 'yan dayod ba. Ba ta san batir ya cika ba, tura wuta kawai take yi har a zare. Wannan ne ma ke kashe su da wuri. Batirin dalma in an matsa masa yakan kumbura ya mutu shiru. Na litiyam ba ya mutuwa shiru. Idan ya wuce bolt 4.2 ana ci gaba da ɗura masa, zai iya yin zafi ya kama da wuta, irin wutar da ke ci tana feshi. Kamfanin Samsung, da duk injiniyoyinsa da ɗakunan gwajinsa, sai da ya janye wayar Galaxy Note 7 daga kasuwa a 2016 saboda batura na kamawa da wuta, har jiragen sama suka hana shiga da ita. Mu kuma mun ɗauko batirin da ba mu san tarihinsa ba, mun liƙa shi da salatif a kan cajar da ba ta da birki, mun bar shi a soket mun tafi lakca, wai ko za a kawo wuta. Haba jama'a.

To me nake cewa a yi? A gyara, amma a fara daga inda matsalar take. Sau da yawa tocilar da ta dushe ba ƙwanta ne ya gaji ba. Tsatsa ce a kan sifirin da wajen makunni, musamman in an bar batir mai araha ya yi ruwa a ciki. Ka goge da 'yar sanfefa, ka wanke gilashin gaba, sai ka ga haske ya dawo ba ka kashe ko sisi ba. Kwanon madubin kuwa kada ka dirje shi da tsumma, fentinsa na fita. Hure ƙurar kawai. In za ka canza batir zuwa na litiyam, cire tsohuwar cajar gaba ɗaya ka jefar, ka sa ɗan allon caji da ake kira TP4056, wanda ke da kariya, shi yana tsayawa da kansa a 4.2, kuma cajar waya ko ɗan ƙaramin faifan sola ya ishe shi. Ka auna batirin da mita kafin komai; wanda ka tarar ƙasa da bolt 2.5, ko ya lotsa, ko ya yi tsatsa, ba naka ba ne. Wanda rigarsa ta yage ma a sake masa riga, don duk jikin gwangwanin nan nagatif ne, ƙaramin taɓi ya isa ya haɗa wuta. Kuma duk 18650 da ka ga an rubuta masa mAh 9900, ƙarya ce tsagwaronta, na ƙwarai daga manyan kamfanoni wajen 3500 suke tsayawa. In kana son ƙarin haske na gaskiya, sayi ƙwai mai wat 1 ko 3, ka ɗaura shi a kan guntun alminiyam don ya sha masa zafi, ka lissafa rizisto ɗinsa. Irin wannan tocilar ta fi ta kanti haske nesa ba kusa ba, kuma za ta kai ka asuba.

Na san abin da wasu za su ce. Wani zai ce mai gyaran rediyo na bakin kasuwa bai taɓa jin sunan Ohm ba, ga shi yana gyara. Gaskiya ne, kuma ina girmama shi, ya fi da yawanmu iya riƙe ƙarfen liƙi. Amma shi shekara ashirin ya yi yana ƙona kaya kafin hannunsa ya san iyaka. Mu an tara mana wannan sanin a darasin awa biyu, iyayenmu suka sayar da buhunan shinkafa da gero suka biya. In muka koma kirdado, to me muka je ɗaukowa?

Wani kuma zai ce duk wannan wahala a kan tocilar da kuɗinta bai taka kara ya karya ba, in ta mutu a sayi wata. Wanda ke faɗin haka bai zaga bayan gidajen ƙauye ya ga inda matattun ke ƙarewa ba. A bola suke, yara na fasa su suna wasa da abin da ke ciki, kuma abin da ke ciki dalma ce da ruwan batir. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga abin da gubar dalma ke yi wa yara a 2010, lokacin da ɗaruruwa suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Tasu daga dutsen zinariya ta fito, ba daga tocila ba, amma dalmar dai ita ce. Duk tocilar da muka raya ta ƙara shekara biyu, mun rage guda a bola, mun kuma bar wa mai ita kuɗin cefane.

Mu da muke aji na ƙarshe, yanzu kowa na fama da furojet, kuma mun san yadda wasu ke yi: a sayo haɗaɗɗe, a haddace babi na uku, a shiga gaban malamai ana addu'ar kada a yi tambaya. Ni a ganina ɗalibin da ya ɗauki tocila biyar na kasuwa, ya auna karent ɗin kowacce, ya rubuta awa nawa take yi kafin ta dushe, ya gyara ta, ya sake aunawa, ya fi cancantar difloma a kan mai na'urar da ba zai iya kwance ta ya mayar ba.

Saboda haka ina roƙon shugabannin ƙungiyarmu ta ɗalibai abu ɗan kaɗan. A samo tebur guda a inuwa ranar Asabar, mita biyu, ƙarfen liƙi, da izinin wani malamin wakshop ya riƙa leƙowa. 'Yan Lantarki su zauna, kowa ya kawo tocilarsa, mata ma su kawo nasu fitilun karatu, don su ma suna mutuwa, ba sa dai gasa ne. Mai mataccen batirin laftof ya kawo a fasa a gaban wanda ya sani, a ware masu rai, sauran a tara wuri guda nesa da ɗakin kwana. A ajiye bokitin yashi a gefen teburin. Ni zan zo da mitata da sanfefa, kuma duk wanda ya riga ya cire rizisto ɗinsa ya taho da shi in bai jefar ba.